Ta yaya zan wanke cikin injin jirgin ruwa bayan an hana amfani da ruwan famfo?

Wa alaikumus salam Malam. Na ga tambayarka, kace kana zaune a wani gari na bakin teku a Afirka ta Kudu, kana da ɗan ƙaramin jirgi mai injin Yamaha 40 da kake fita kamun kifi da shi ranakun hutu, yanzu kuma hukumar gari ta hana a jona tiyo a famfo a wanke mota ko jirgi saboda fari, shine kake tambaya ko za ka iya rage famfon ya riƙa zuba kaɗan kaɗan lokacin da kake ɗauraye cikin injin, ko kuwa ka bar wankin sai ƙarshen wata ka yi shi gaba ɗaya.

Duka biyun kar ka yi. Na farkon ma yafi haɗari, don shi a minti ɗaya zai iya ja maka asara, na biyun kuma a hankali yake cin inji sai ranar da kake tsakiyar teku ya nuna maka halinsa. Akwai hanyar da za ka bi da ruwan da bai kai rabin wanda tiyo ke zubarwa ba, kuma ba ruwan famfo ba, ruwan da za ka maimaita sau biyar ko shida kafin ka canza. Amma bari in fara da dalilin wankin shi kansa, don in ka gane shi sauran duk kai da kanka za ka iya lissafawa.

Ni a Yauri na fara koyon wannan aikin, a bakin kogi, kuma a can wallahi ban taɓa ganin wani ya dawo daga fito ya tsaya wanke cikin inji ba. Ba sakaci bane, ruwan Kwara ruwan daɗi ne, haka tafkin Kainji, haka ma tafkin Chadi, abin da ke damun masu inji a can yashi ne da laka da leda da ciyawa. Sai da na je Legas na fara ganin abin da ruwan gishiri ke yi wa ƙarfe, daga baya kuma aiki ya kai ni Cape Town. Injin nan da kake rataya a bayan jirgi ba shi da lagireto kamar mota. Ruwan da jirgin yake kai shi yake zuƙa ta 'yan ƙofofin nan na ƙasa kusa da farfela, wata roba mai fukafukai da muke kira impela ta tura shi sama ta cikin bututu, ya zagaye kan injin ya kwashe zafi, sannan ya fita tare da hayaƙi ta tsakiyar farfela, ɗan kaɗan kuma ya fito ta gefe yana tsartuwa, wanda mu a gareji fitsarin inji muke ce masa. To ruwan teku kowace lita ɗaya tana ɗauke da gishiri wajen giram 35. In ka kashe injin ka ajiye, ruwan da ya maƙale a lungunan ciki zai bushe ya bar gishirinsa a nan, mako mai zuwa wani ya hau kai, hanyoyin su riƙa tsukewa, gishirin kuma yana jan damshi yana cin alminiyam ɗin ta ciki inda ido baya gani.

Na taɓa buɗe murfin tamostat, wato ɗan abin da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya ɗau zafi, na wani inji da mai shi yake rantsuwa yana wankewa "lokaci lokaci". Abin da na tarar kamar an jiƙa kanwa an liƙa, fari fat da ɗan kore kore, tamostat ɗin ya daskare a rufe, sai da na sa sukurdireba ina ɓanɓarowa yana zubowa gari gari a tafin hannuna, noti biyu kuma suka karye a ciki don gishiri ya haɗe su da jikin injin. Wannan shine amsar maganarka ta barin wanki sai ƙarshen wata. Gishirin da bai bushe ba ruwa kaɗan ke ɗauke shi, wanda ya bushe ya kama jiki kuwa ko ka sakar masa tanka guda ba lallai ya fita ba. Don haka wankin da ka yi a ranar da ka fito daga teku da ruwa lita 40 yafi wanda za ka yi bayan sati uku da lita 400.

Yanzu maganar rage famfo. Impelar nan roba ce zalla tana juyawa a cikin ƙoƙon ƙarfe, ruwan da take turawa shine man shafawarta, shine kuma yake sanyaya ta. In ruwa ya yi mata kaɗan sai ta fara zuƙar iska, cikin daƙiƙoƙi kaɗan ta ɗau zafi, bakin fukafukan ya ƙone ko ya gutsure. A 2018 wani mutum ya kawo mana injinsa, mutumin kirki, so yake ya bi doka, sai ya sa robar kunnen nan da ake maƙalawa a ƙofofin shan ruwa ya buɗe famfo ɗan siriri ya tada inji. Da na kwance ƙafar injin, wato ɓangarensa na ƙasa da ke shiga ruwa, na ciro impelar, fukafukai shida ne da ita, biyu babu su, sauran sun lanƙwashe sun yi baƙi suna warin taya da aka ƙona. Kuma ba canza robar ce wahalar ba, nemo guntayen da suka ɓalle ne, don ruwa ya tura su sama sun je sun toshe wani lungu, sai da muka yi rabin yini muna bin hanya da iska da waya. Ruwan da ya yi tsiminsa bai kai kuɗin aikin ba ko kusa.

Shekarar nan kuwa ba zan manta ta ba. Daga 1 ga Fabrairun 2018 hukumar Cape Town ta ce kowane mutum lita 50 ne rabonsa a yini, sha da girki da wanka da wanki da banɗaki duk a ciki, wato jarka biyu irin ta 'yan garuwa. An ce in madatsun ruwa suka sauka zuwa kashi 13.5 cikin ɗari za a rufe famfunan gidaje mutane su riƙa bin layi a wurare wajen 200 suna karɓar lita 25. Babbar madatsar Theewaterskloof ta janye har yawancinta ya koma fili iska na tada ƙura a cikinta, mutane na layi da jarkoki a maɓuɓɓugar Newlands tun asuba. Wanke mota ko tirela ko jirgi da ruwan famfo an hana. Amma masu kamun kifi a Hout Bay da Kalk Bay basu daina fita ba, dole aka nemi dabara. Allah ya taimaka ruwan sama ya sauka a damunarsu ta tsakiyar shekarar ba a kai ga rufe famfon ba.

Ka yi wannan lissafin da kanka. Ɗauki bokitin lita 10 ka buɗe tiyo ka duba agogo. Yawancin tiyon gida yana zubar da wajen lita 15 a minti ɗaya, wani ma yafi. Wankin minti 10 lita 150 kenan, jarka shida, rabon mutum uku na yini guda a wancan lokacin. In kuma injinka na zamani ne mai ƙofar wanki ta musamman da ake ɗaura tiyo a jikinta, Yamaha minti 15 suke cewa a bari ruwa na gudana, wato lita 225. Kuma kusan duk ruwan nan shiga yake ya fita a banza, don gishirin da ke ciki ɗan kaɗan ne, lokaci yake buƙata da ɗumi ya narke, ba ambaliya ba. Wannan shine sirrin abin gaba ɗaya: ruwa ɗaya ya riƙa zagayawa.

Hanyar da nafi yarda da ita ga inji irin naka ita ce duro. Samu shuɗin duron roba na lita 200, wanda ka tabbatar ba maganin ƙwari ko wani guba aka zuba a ciki ba, ka yanke samansa, ka zura ƙafar injin a ciki yana tsaye sosai ba a karkace ba. Zuba ruwa har ya rufe faffaɗan farantin nan da ke saman farfela, ya wuce shi da kamar tafin hannu guda, santimita 10 ko sama da haka, saboda impelar a saman farantin take zaune kuma so ake ta nutse, kar ka tsaya a kan cewa ai ƙofofin sun shiga ruwa. Lita 100 zuwa 120 yawanci ta isa. Giya a firi, kuma ni shawarata ka cire farfelar ma gaba ɗaya in akwai yara a gidan, noti ɗaya ne da fin, dama ce kuma ka duba ko zaren kamun kifi ya naɗe a sandar, don shi ke cinye sil, wato robar da ke tare ruwa, sai ruwa ya shiga man giya. Tada injin ka bar shi a silo. Idonka a kan fitsarin. In ka ƙirga goma zuwa sha biyar bai fito ba kashe, kar ka ce bari in ƙara totur ko zai zo. Sau da yawa bakin ɗan bututun ne ya toshe da gishiri ko ƙwaro ya yi gida a ciki, ka zura masa zaren ƙugiya mai kauri sai ka ga ya ɓalle.

Ka bar shi minti 8 zuwa 10. Dalilin da yasa ba minti biyu ba shine tamostat. Inji na sanyi tamostat a rufe yake, sai ya kai wajen digiri 50 zuwa 60 yake buɗewa ruwa ya ratsa ko'ina yadda ya kamata. A nan ma duro yafi tiyo, don ruwan na zagayawa yana ɗumi, injin ya yi saurin kai zafinsa, ruwan ɗumi kuma yafi narkar da abin da ya kama. Sai dai ka riƙa tsoma hannu nesa da ƙafar injin kana ji, in ya kai zafin da hannunka baya jurewa to ya isa, kashe, don daga nan ya daina sanyaya komai. Kuma hayaƙi na tafasa ruwan yana fantsalar da shi waje, sai ka ga ya ragu baka lura ba, don haka ajiye jarka ɗaya a gefe kana ƙarawa. A fili za ka yi, ba a cikin gareji a rufe ba, hayaƙin nan yana kisa kuma baya sallama.

Za ka ce to ai gishirin a cikin duron yake komawa. Haka ne, amma duba yawansa. Injin nan in yana tsaye da kansa yake tsiyaye ruwansa, abin da ke saura kaɗan ne. A ce ma lita 2 ta rage, wanda na san na yi yawa ga Yamaha 40, giram 70 na gishiri kenan a cikin lita 100, kowace lita bata kai giram ɗaya ba. Ka yi wanki biyar da ruwan nan har yanzu gishirinsa kashi ɗaya cikin goma ne na ruwan teku. Shi yasa nake cewa sau biyar ko shida sannan ka canza. Raba lita 100 gida biyar, kowane wanki ya tashi a lita 20 da 'yan ƙari, maimakon 150. In kana so ka ƙara tsawon ransa, tun a bakin teku da ka fito da jirgi ka saukar da injin ya tsaya tsaye minti biyar ya tsiyaye, ka ɗauraye ƙafar da rabin bokiti kafin ka tsoma ta a duro. Akwai 'yar na'ura kamar biro da ake tsomawa a ruwa ta nuna yawan gishirin da ke ciki, masu kiwon kifi na amfani da ita, bata da tsada, in ka samu shikenan ka huta da kintace.

Abu ɗaya da zan ja kunnenka a kai, in injinka irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai ne, irin Enduro ɗin nan da ya cika ruwayenmu, to ruwan duron zai yi maiƙo a sama, ka ga yana walƙiya kala kala. Ba zai cuci injin ba amma kar ka zuba shi a lambu ko a kwatar titi, kwatar nan teku take zuwa. Shimfiɗa tsohon tsumma ko takardar jarida a saman ruwan ta tsotse maiƙon ka ɗauke, sauran ka kora banɗaki da shi. Ko babu mai ma, ruwan da ya sha gishiri sau shida ba na shuka bane. Ka rufe duron da murfi mai nauyi saboda sauro, saboda yara kuma, yaro ƙarami in ya leƙa ya faɗa da ka ba ya iya fitowa.

Manyan injina, masu ƙarfin doki 115 ko 150 zuwa sama, da ke ɗaure a jirgi kan tirela, duro baya shiga ƙarƙashinsu cikin sauƙi. Su akwai jakar wanki ta tamfol da ake sayarwa, ana sa ta kamar safa a cika da ruwa, aikinta ɗaya da duro. Mu kuma abin da muka haɗa a gareji lokacin farin, babban baho muka sa a ƙarƙashin ƙafar injin, muka jefa ƙaramin famfon nan mai aiki da batirin volt 12 da ake kwashe ruwan cikin jirgi da shi, muka ja gajeren tiyo daga shi zuwa robar kunne. Ruwa ya shiga inji ya zubo a baho famfo ya sake ɗauka. Lita 40 zuwa 50 tana yin aikin. Amma fa sai da sa ido, don famfon nan yawan ruwa gare shi ba ƙarfin turi ba, in tiyon ya yi tsawo ko ya lanƙwashe ko robar kunnen bata zauna daidai ba to ka koma gidan jiya, impela na shan iska. Ka kunna famfon tukuna ka ga ruwa na fesowa ta gefen robar sannan ka tada inji, in za ka gama kuma inji ake fara kashewa kafin ruwa. Bokitin farko da ya fito mukan tare shi daban mu zubar don shi yafi gishiri. Wasu manyan injinan suna da ƙarin ƙofar shan ruwa a can gaban ƙafar, dole a liƙe ta da salatif in za a yi amfani da robar kunne, in ba haka ba iska za ta shiga ta nan. Kuma a kan robar kunne ba a ba inji wuta, silo kawai.

Sai maganar ina za ka samo ruwan tunda famfo ya haramta. Na sama shine sarki. Kowace milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya na rufi lita ɗaya ce, wato rufin gareji mai murabba'in mita 50 in aka yi ruwan milimita 10 ya baka lita 500, wankin wata da watanni. Sa duro ko tankin roba irin na JoJo a ƙarƙashin indararo, ka bar zubin farko ya wuce don yana ɗauke da ƙura da kashin tsuntsu, a bakin teku ma har da gishirin da iska ta ajiye a kan kwano. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki shi ma tas yake babu gishiri, in kana da ita sa masa jarka. Ruwan rijiya ko burtsatse yana yi, amma na kusa da teku wani lokaci da ɗan gishirinsa, ɗanɗana ko ka auna kafin ka yarda da shi. Ruwan ɗaurayar ƙarshe na injin wanki za a iya lallaɓawa da shi in ka tace da ƙyalle saboda zare, banda wanda aka sa wa bilic, banda na wankin farko mai kumfar omo. Ruwan wurin ninƙaya na gida ni bana so, wasu ma gishiri ake zuba musu da gangan. In kuma akwai kogi ko tafkin ruwan daɗi a kan hanyarka ta komawa gida inda aka yarda a saka jirgi, ka ja tirela da baya ƙafar injin ta nutse ka tada shi minti 10, wanki ya gama ba ka taɓa lita ɗaya ta kowa ba.

Ka kuma karanta dokar garinku da kyau, don ba ko'ina take ɗaya ba. A Sydney ta Ostareliya da suka tsananta dokar ruwa a Disambar 2019 sun raba wankin jikin jirgi da wankin cikin inji, na injin an bar ƙofa a yi shi da bokiti ko da abin wankin da ake ɗaurawa a bakin tiyo. Wani garin kuma komai ya hana in dai ruwan famfo ne. In da ruwan sama kake yi ka rubuta a kwali ka liƙa a ƙofa, don maƙwabci in ya ji ƙarar inji ya ga ruwa a ƙasa ba zai zo ya tambaye ka ba, waya zai ɗauka.

Magungunan narkar da gishiri irin su Salt-Away suna taimakawa, kuma a duro ma sunfi amfani don basa zubewa a banza, amma ƙari ne ba madadin ruwa ba. Masu zuba binega su ma basu yi laifi ba in sau ɗaya ne a shekara don kankare abin da ya daskare, a ɗauraye da ruwa mai kyau daga baya, kar a bar ta ta kwana a ciki. Jikin injin na waje kuwa rabin bokiti da soso ya isa, ko kwalbar feshi, ka goge ka fesa man hana tsatsa a ƙarƙashin murfi. Duba ƙarafan nan masu toka toka da ke manne a ƙafar injin, anod, su aka sa gishiri ya ci a madadin injin, in sun cinye rabi canza su kuma kar ka shafa musu fenti. Impela kuma tunda a teku kake, ni duk shekara nake buɗewa in duba, bana barinta ta wuce shekara biyu ko da ta yi kyau a ido, don robar na sandarewa da zama.

Idan ka gama wanki ka bar injin a tsaye ya tsiyaye, kar ka ɗaga shi a karkace nan take, ruwa zai kwanta a ciki. Ka turo min lambobin da ke kan ɗan farantin da ke jikin maƙalar injin, daga nan zan san ko naka mai haɗin mai ne ko ɗaya irin, da kuma ko yana da ƙofar wankin nan ta gefe, don in yana da ita ba a tada inji a kanta, a kashe ake yi, kuma famfon batir ɗin da na faɗa maka za ka iya jona shi kai tsaye a wurin.